Horon Injiniya Zulkifli

Munawwara ta sake jefa masa tambayar: a rubutun manhajar kwamfuta, mene ne bambancin kilas da objet? Zulkifli ya rufe ido ya rero yadda ta koya masa, wai kilas shi ne abin buga bulo, objet kuwa bulon da ya fito. Ta ce madalla, su wuce kan gado, wato yadda wani kilas ke ɗaukar halayen wani.

Inna Tani, mahaifiyarta, haushin wannan karatu take ji. Zulkifli ɗan kawun Munawwara ne, kuma 'yan gida sun san ta'asarsa a makaranta. Manhajar rabon ruwan noman rani da Munawwara ta rubuta ya kwafe daga kwamfutarta, ya riga ta miƙa wa malamai. Ita aka kira ɓarauniya ta maimaita shekara, shi ya dawo Basirka ana ce masa Injiniya. Ko haƙuri bai taɓa ba ta ba, mara kunya.

Ƙungiyar manoman da ya ba manhajar a Birnin Kudu ce yanzu ke neman injiniya na ofis. Zulkifli ya ƙwallafa rai, domin sunan Injiniya ya fara nauyi babu aiki, shi ya sa ya zo ta shirya shi don ganawar neman aikin. Gyaran manhajar bai dame shi ba. Ya ji ƙungiyar na da wani gwani da ke yi mata daga nesa, nasa kawai zama a kujera.

Munawwara ta yi ta ɗura masa amsoshi: yadda kilas ke ɓoye bayanansa, yadda umarni ɗaya ke aiki iri-iri. Idan ya miƙa hannu ga kwamfuta sai ta janye, ta ce akwai aikin mutane a ciki, hadda ta wadatar. Shi ma daɗi ya ji.

Ranar ganawa tambayoyin suka zo a jere yadda ya haddace. Ya zuba amsa ko tuntuɓe babu, aka ba shi aikin nan take.

Ran da ya kama aiki ya tarar da manoman ƙauyukan Surko da Sundimina cike da ofis, rai a ɓace. An ƙara sababbin gonaki, manhaja ta rikita layin ruwa, tumatir na bushewa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulsalami, ya tura masa kwamfuta a gaban kowa, ya ce ga mai abu ya zo.

Zulkifli ya zura wa rubutun ido. Ya ga kilas, ya ga objet, bai san inda zai taɓa ba. Ya sassauta murya ya roƙi lambar gwanin nan na nesa.

"Ai ta ajiye aiki da safen nan, Injiniya," in ji Alhaji. "Ita ce ma ta tsara tambayoyin ganawarka, ta dage sai a ɗauki wanda ya rubuta manhajar da hannunsa. 'Yar gidanku ce, Munawwara."