Ƙararrawar da Dagaci Ya Ba Masu Sujada

Fasto, ɗana, na ji shugaban ƙaramar hukuma zai kawo mana lasifika, har dattawa suna ta murna. Ni ban yi boko ba, amma tun rasuwar maigidana daddawa nake sayarwa, kuma ba a taɓa cutata a ciniki ba. In mutum ya ce mini kyauta ce, a nan nake ƙara ɗaure bakin zanena. Ga misali, ka riƙe.

A wani ƙauye masu bi ba su da ƙararrawa, sai tsohuwar garma da suka rataye a reshen ɗorawa, mai bishara yana bugunta da dutse. Muryarta ba daɗi, kamar tarin tsoho, amma kowa ya san abu biyu take faɗa: ko sujada, ko wani yana cikin masifa. In ta yi kuka, mai shuka ya ajiye ƙwarya, mai daka ta yar da taɓarya. Ran nan dagaci ya aiko musu da ƙararrawar tagulla, mai ƙara har ƙetaren rafi. Dattawa suka karɓa da hannu biyu, ba wanda ya tambayi abin da ke gindinta. Garmar kuwa suka ba maƙeri. Da farko dagaci ya roƙi a buga masa ita ranar allurar shanu. To, wannan alheri ne, aka buga. Sai ranar gyaran hanya. Sai gayya a gonarsa. Ana nan, wata safiya ta yi ƙara, mutane suka sa kayan sujada suka fito, sai suka tarar da masu karɓar haraji zaune a inuwar ɗorawa da igiya. Daga ranar, in ƙararrawa ta yi kuka, maza su faɗa daji, mata su sa sakata. Ko ran Lahadi sai an leƙa ta katanga kafin a fito.

Da rani, bayan an gama zuba dawa a rumbuna, wuta ta kama wani rumbu a tsakiyar gari da rana tsaka. Mai bishara ya ja igiyar ƙararrawa har tafinsa ya saɓule. Kowa ya ji, kowa ya yi abin da ya saba. Maza na kwance cikin kwari suna jiran masu haraji su wuce, abincin shekara yana ci da wuta, rumbu bayan rumbu. Da hayaƙi ya fito da su, toka suka tarar. Dattawa suka ruga wurin maƙeri neman garmarsu, ya ce tuni ta zama lauje. Washegari dagaci ya aiko a buga ƙararrawa, a taru a fara gina nasa rumbun. Mai bishara ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Da hannun nan mai ciwo ya ja igiyar.

Ban ce kada mu yi wa masu mulki addu'a ba, Littafi ya ce mu yi, ina kuma yi. Amma muryar ikilisiya, kada ka bari wani ya saya mana ita. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.