Dangwalen Baban Malama

Ku dai ba ku da aiki sai tambaya. Ina ruwanku da abin da ya mai da Malama mai ɗinki? Ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni kuma ya ji a jikinsa.

Shekarar da hukuma ta fito da dokar takardun digiri ce. Aka ce duk takardar da ta fito daga makarantar da ba a amince da ita ba, ba a ɗaukar aiki da ita, ba a ƙarin girma da ita, ko a jikin ƙofa ba a rubuta ta. Kowane ma'aikaci ya kai tasa a duba. Malama tana koyarwa a sakandare, ga tsohon ciki, ƙafafu sun kumbura. In takardarta ta faɗi, aikin ya tafi.

Da safe ta ajiye ambulan a gaban babanta, ko zama ba ta yi ba.

"Kai za ka kai, Baba."

Ya ɗauki ambulan ɗin. Ya sa hula ya fita.

Ofishin hukumar yana saman bene, layi ya gangaro har bakin titi. Rabin mutanen daga makaranta ɗaya suka fito, wadda Malama ta yi: wasu ɗakuna a saman shagon tayoyi, da malaman haya masu zuwa da yamma, da shugaban da ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Wata budurwa ta tashi ta bar wa baban Malama bencinta. Ya zauna, ambulan a cinya, yana kallon takalman mutane.

A bayansa akwai wani mai tumbi, wanda aka kankare wa "Dakta" daga ƙofar ofishinsa da wuƙa.

"Jiya matata ta kira ni da sunan yanka," in ji shi. "Sai da na waiga in ga da wa take."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

"Jami'a mai ɗaki biyu," in ji budurwar. "Mu ma dai da laifinmu."

"Uku," tsohon ya ce a hankali.

"Au, Baba ma ya san wurin?"

"'Yata ta yi can."

"Allah ya isar mata," in ji mai tumbi. Layi ya amsa da amin. Leɓen tsohon ma ya motsa.

Wani ya ce da zai ga mai makarantar nan, da... sai ya tsaya. Aka ce da me? Ya ce shi ma bai sani ba, ƙila ya dube shi kawai.

Sai bayan azahar tsohon ya kai gaban akawu. Akawun ya zaro takardar, ya dubi sunan makarantar, ya buga hatimi ba tare da ya ɗaga kai ba. Ba a amince ba.

"Babu wata jarrabawa da za ta sake? Ta iya aikin nan. Yara suna gane karatunta."

"Baba, ni makaranta nake dubawa, ba mutum ba. Sa hannu nan, ka karɓi abarka."

Takardar tana shimfiɗe a gefen littafin karɓa. Mai tumbi ya riga ya buɗe tasa, ya leƙo ta kafaɗar tsohon yana jiran wuri. Tsohon ya daɗe yana kallon layin da aka nuna masa.

"Ban iya ba. Kawo tawada."

Akawu ya nuna alƙalamin da ke saƙale a aljihun tsohon. "Wannan fa?"

"Ado ne."

Mai tumbi da kansa ya kama masa babban yatsa ya danna. "Ku kun huta, Baba, da ba ku yi boko ba."

Ni tun tasowata dangwale nake yi, kaina a sama, ban taɓa ɓoye yatsana ba. Shi kuwa hannu a aljihu ya sauko benen, a haka ya isa gida. Malama ta dubi hatimin, ta dubi yatsan. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko keken ɗinkin marigayiya uwarta yana nan a ɗakin ajiya.

To, kun ji. Kowa ya tashi ya kwanta, kada in sake jin motsi. Kuma ku daina tausayin tsohon, don da ya taɓa alƙalamin nan da bai sauko benen da ƙafarsa ba: sa hannun da ke ƙasan takardar mai tumbi, da ta budurwar, da ta 'yarsa, nasa ne.