Ranar da Katafila Ta Tashi

"Ga su nan!" wani ya ƙwala ihu.

Motocin manya suka tsaya bakin hanyar Gangara, sun zo duba aiki. Ɗana Muzammilu na zaune cikin katafilar kamfani, ya sha hular kwano. Ni kuwa na san tun daminar bara ba ta motsa ba, har kaji na yin ƙwai ƙarƙashinta. Shugaban aiki ya riga ya gaya mai, in ba ta tashi yau ba, ya nemi wata sana'a. Ga aurensa bayan girbi.

Na duƙa ina ta addu'a.

Muzammilu ya ɗaga hannu. Sai ƙara ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga bayan katafilar. Manya suka tafa, aka ɗauki hoto. Babbansu ya ce, "Aiki na tafiya!" Suka shige mota suka wuce.

Na koma gida ina hamdala. Na tarar da matata Kande a ƙofar gida, mata sun yi layi da ƙoren gero.

"Malam, an sace injin niƙana!"

Kafin in buɗe baki, sai ga Muzammilu yana turo shi a amalanke, ko hucewa bai yi ba.

"Inna, yi haƙuri. Niƙa masu da sauri, gobe za ni garin Isa da shi. Can ma akwai katafilar da za a tayar."