Reshen Ƙaya a Bakin Zambezi

Baturen Fotugal ya ja ya tsaya, ya nuna tsibin ƙasa da aka ɗora wa reshen ƙaya.

"Tambayi tsohon nan, mene ne wancan?"

Tsohon kawuna ne. Ni ne tafinta, shekara tara na yi ina karatu wajen limaman coci a Goa ta ƙasar Indiya.

"Kabari ne," in ji kawu. Ya harare ni. "Kai malamin ƙetare, faɗa masa yadda na faɗa, ban da gishiri."

Kowa ya san dokar sarkinmu: wanda ya ga zinariya ya rufe wurin, ya ɗora reshe, ya wuce. Amma ina so Baturen ya san ni ba irin su kawu ba ne. Na gaya masa gaskiya.

Kafin damina biyu ya dawo da bindigogi. Sarki ya karɓi yadi, ya sallama ƙasar. Aka tura mazan garinmu haƙa, har da kawu. Ramin ya rufta da su.

Jiya ina ɗora reshe a wurin, wani sabon Bature ya tambaye ni mene ne.

Na ce, "Kabari ne."

Ya yi dariya, ya aika a kawo masu haƙa.