Sahu Babu Makara

Da sunan Allah, Mai mulkin da ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Da rediyon shagon aski ya sanar cewa ɗaya daga manyan ƙasashe biyun da ke takarar mallakar duniya ta nutsar da jirgin ruwan abokiyar gabarta, sai Liman ya tafa, kumfa a haɓarsa. Shekara da shekaru, shi da amininsa mai aski kowa da ƙasar da yake goya wa baya, tamkar 'yan kallon ƙwallo.

"Allah ya ƙara! Yau ina bakin naka, tsoho? Naku sun sha ruwa!"

Mai aski ya jira aka maimaita sunan jirgin, sannan ya ajiye askar a hankali.

"Malam, cikinsa aka mayar da autana aikin girki. Takwaranka."

Teku bai dawo da kowa ba. Aka yi sahu, babu makara a gaba. Mai aski ya kamo hannun Liman.

"Kai ka raɗa masa suna, kai za ka sallace shi."

Liman ya ɗaga hannuwansa. Bakin da ya ce Allah ya ƙara, ya kasa yin kabbara.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare mana harsunanmu, ni da mai karatu.