Ajiyar Inna a Garin Zinariya

Da la'asar motar kasuwa ta sauke mu, ni da Inna, a garin da aka haife ni, arewa da birnin Tawa. Tun ina goye muka bar shi. Inna ta ce lokacin da zinariya ke fita, sai ka kutsa cikin mutane kafin ka kai rumfar da take saida tuwo. Ranar nan ko kaza ba mu gani ba, sai ramuka da bangaye marasa rufi.

Ta riƙe hannuna gam saboda ramukan. A bakin wani kango ta tsaya ta yi sallama, kamar da mutum a ciki. Na yi dariya, ta harare ni.

Muka zaga baya, ta durƙusa a gindin wata ƴar aduwa, ta share ƙasa da tafin hannunta.

"Ran da cibiyarki ta faɗi, nan na bizne ta."

"Inna, mu tono ta mu tahi da ita."

"A'a. Duk wanda ya zo garin ga tono ya yi, ya kwasa ya tahi. Ni kaɗai na ba ƙasar ajiya."

Sai ta juye sauran ruwan gorarmu a wurin, ga ni da ƙishi. Har muka koma Tawa ban yi mata magana ba.

Yanzu Inna ta rasu, direbobi ma sun manta hanyar garin. Amma in aka tambaye ni ƴar ina ce, kafin in ce Tawa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ke fara zo mini.