Ƙullutun Cinyar Oga

"Wace ce likita a cikinku?" in ji wani ɗan bindiga.

Susan ta miƙe. Kwanansu tara a dajin Birnin Gwari, su goma sha ɗaya da aka kwashe a hanyar Kusasu. Ita ba likita ba ce, unguwarzoma ce, amma wa zai yi gardama da bakin bindiga?

Ogan 'yan bindigar ya kori yaransa, ya naɗe wando. Ga ƙullutu uku a cinyarsa, kowanne kamar ƙwan zabuwa.

"Boka ya ce jifa ne. Ki faɗa min gaskiya, ko in harbe ki."

Ta danna. Da laushi, suna zillewa a ƙarƙashin fata. Sai ta ɗago ta dube shi.

"Oga, wannan ba jifa ba ne. In ya kai ciki, sai dai kabari."

Gumi ya karyo masa. "Akwai magani?"

"Akwai, a asibitin gari. Ni zan riƙa aiko maka duk wata. Amma ba zan tafi in bar ko mutum ɗaya ba."

Kafin la'asar babura sun sauke su duka a bakin titi.

Huseina, maƙwabciyarta, ta raɗa mata, "Maman Japheth, da gaske mutuwa zai yi?"

Susan ta kama hannunta, ta ɗora a kan tata cinyar. Ga ƙullutu iri ɗaya.

"Shekara ashirin ina yawo da shi. Kitse ne kawai. Bitamin zan aika masa."